Rudolf Virchow: Likitan da aka aika binciken annoba, ya dawo ya tuhumi gwamnati

A ranar 20 ga Fabrairun 1848, wani matashin likita ɗan shekara 26 ya bar birnin Barlin ya nufi lardin Silesiya ta Sama, can ƙuryar kudu maso gabashin masarautar Furushiya, wadda ita ce daga baya ta haɗe ƙasar Jamus a ƙarƙashinta. Zazzaɓin taifus ne ya ɓarke a lardin, yunwa kuma ta riga ta share masa hanya. Hukuma ta daɗe tana kawar da kai, har sai da jaridu suka yi ta yayata labarin, abin ya zama abin kunya, sannan aka naɗa wani babban jami'in lafiya mai suna Barez ya je ya gani. Aka haɗa shi da wannan saurayi, Rudolf Virchow (Jamusawa kan furta sunan kamar Firho), domin ya duba yanayin cutar a kimiyyance ya rubuto rahoto. Waɗanda suka tura shi sun zaci bayanin zazzaɓi da jerin magunguna zai kawo musu. Abin da ya kawo ya fi kama da takardar tuhuma, kuma gwamnatin da ta biya kuɗin tafiyar ita ce wadda ake tuhuma.

An haifi Virchow ranar 13 ga Oktoban 1821 a ƙaramin garin Schivelbein na yankin Pomeraniya, wanda a yau yake cikin ƙasar Polan. Shi kaɗai iyayensa suka haifa. Mahaifinsa manomi ne, kuma shi ne ma'ajin garin. Gidan ba mai dukiya ba ne, shi ya sa a 1839 yaron ya shiga makarantar horar da likitocin soja da ke Barlin, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin ɗalibai masu ƙwazo. Ya sami digirinsa a 1843, ya kama aiki a asibitin Charité, a sashen binciken gawa. Kafin ya cika shekara 26 ya riga ya bayyana cutar sankarar jini, ya nuna yadda gudan jini kan ɓalle daga jijiyar ƙafa ya je ya toshe ta huhu, kuma a 1847 shi da abokinsa Benno Reinhardt sun kafa mujallar kimiyyar cututtuka da har yau ake bugawa da sunansa. Mutum ne da ya saba buɗe gawa ya ga abin da ya kashe ta da idonsa, ba tare da ya dogara da abin da manya suka rubuta ba. Da wannan ɗabi'a ya shiga Silesiya.

Tafiyar duka ba ta kai mako uku ba, amma ya zaga garuruwa irin su Rybnik da Sohrau da Pless, ya shiga bukkoki, ya duba marasa lafiya, ya buɗe gawarwaki, ya kuma karɓi alƙaluman mace-mace daga hannun hukumomi. Mutanen yankin galibinsu masu magana da harshen Polan ne, mabiya ɗariƙar Katolika, a ƙarƙashin mulkin Jamusawa da ba sa jin yarensu. Ya tarar da iyali guda cikin ɗaki ɗaya tare da saniyarsu, murhu ya cinye rabin wurin, babu iska, babu tsabta. Abincinsu kusan dankalin Turawa ne kawai da ɗan kabeji da madara, don haka da dankalin ya lalace shekaru a jere, sai yunwa ta shigo ba tare da wani shamaki ba. A gundumar Pless kaɗai, ya rubuta cewa kashi 10 cikin 100 na jama'a sun mutu a shekarar 1847.

Da a nan ya tsaya, da ya sami yabo da ƙarin girma. Sai ya ci gaba da tambayar da ba a aike shi ya yi ba: ta yaya mutane suka kai ga wannan hali, kuma wa ke da alhaki? Ya bi masu laifin ɗaya bayan ɗaya. Manyan masu filaye, waɗanda talakawa suka shekara aru-aru suna yi musu aikin tilas, suna kwashe arzikin yankin su je su kashe a manyan birane. Ma'aikatan gwamnati, waɗanda aikinsu rubuta dokoki ne a takarda da aika rahoton cewa komai lafiya, har gawarwaki suka yi yawan da ba a iya ɓoyewa. Limaman coci, waɗanda a ganinsa sun koya wa jama'a jiran mutuwa da haƙuri maimakon neman mafita. Makarantu kuwa, an turo malaman da ba sa jin harshen yaran da suke koyarwa. Ya kuma yi wa talakawan kansu kalamai masu zafi game da ƙazanta da shan barasa da mutuwar zuciya, kalaman da mai karatu na yau zai ji akwai raini a cikinsu, ko da yake ya jingina halin nasu ga zaluncin da aka daɗe ana yi musu.

Maganin da ya rubuta shi ne ya girgiza ofisoshin Barlin. Ya nemi a ba jama'ar yankin cikakkiyar dimokuraɗiyya marar iyaka, su riƙa tafiyar da al'amuran garuruwansu da kansu. Ya nemi ilimi kyauta a harshensu, har da 'yan mata. Ya nemi a raba coci da gwamnati, a sauke nauyin haraji daga kan talaka a ɗora wa mai hali, a gina hanyoyi, a inganta noma, a kafa ƙungiyoyin gama-kai. Game da ƙwayoyin magani bai ce wani abin kirki ba, domin ya ga cewa ko an warkar da mutum yau, gobe zai koma ɗakin nan, ya ci abincin nan, a ƙarƙashin hukumar nan.

Akwai abin da ya kamata a lura da shi a nan. Virchow bai san abin da ke yaɗa taifus ba. Sai a 1909, bayan rasuwarsa, wani likita Bafaranshe, Charles Nicolle, ya gano a birnin Tunis cewa ƙwarƙwata ce ke ɗaukar cutar daga jiki zuwa jiki. Duk da haka hasashensa bai kauce ba, domin ƙwarƙwata ba ta samun wurin zama sai inda cunkoso da sanyi da rashin tufafin canji da rashin ruwan wanka suka haɗu. Bai ga ƙwaron ba, amma ya ga gidan ƙwaron da waɗanda suka gina shi. Duk ɗan jaridar da ya taɓa shiga ƙauyen da kwalara ta yi wa ɓarna a damina, ya ga rijiya dab da masai, sannan ya koma birni ya ji jami'i na cewa an raba magani an shawo kan lamarin, zai gane irin fushin da ke cikin wannan rahoto.

Ya komo Barlin ranar 10 ga Maris. Kwana takwas bayan haka juyin juya halin 1848 ya iso birnin, sojoji suka buɗe wuta a kan jama'a, mutane suka girka shingaye a tituna. Virchow yana cikin waɗanda suka tsaya a shinge, a mahaɗar titin Friedrichstrasse da Taubenstrasse. A watan Yuli shi da Rudolf Leubuscher suka fara buga wata jarida ta mako-mako kan gyaran harkar lafiya, inda ya riƙa nanata cewa likita shi ne lauyan talaka na asali, cewa lafiyar jama'a haƙƙi ce a wuyan gwamnati, kuma siyasa ba komai ba ce illa aikin likita a kan al'umma baki ɗaya. Juyin bai yi nasara ba. Sarki ya dawo da ƙarfinsa, a 1849 aka dakatar da Virchow daga aiki, daga baya aka mai da shi amma aka janye masa wasu alfarmomi, jaridar kuma ta mutu. Ya tattara ya koma jami'ar Würzburg da ke masarautar Bavariya, bayan ya yi baiko da Rose Mayer, wadda ya aura a 1850, suka haifi 'ya'ya shida.

Shekaru bakwai da ya yi a Würzburg su ne suka mai da shi gagarabadau a fagen likitanci. A can ya kafa hujjar cewa kowace ƙwayar halitta daga wata ƙwayar halitta take fitowa, kuma cuta tana farawa ne daga lalacewar waɗannan ƙwayoyi, saɓanin tsohuwar fahimta ta rikicewar ruwayen jiki da aka gada tun zamanin Girkawa. Wani masani Bayahude, Robert Remak, ya riga shi ganin rabuwar ƙwayoyin, Virchow kuma bai ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata ba. A 1856 Barlin ta sake kiransa, ta gina masa cibiyar bincike a Charité, a 1858 kuma ya fitar da littafinsa kan cututtukan ƙwayoyin halitta, wanda ya zama ginshiƙin wannan fanni. A yau idan aka yanki tsoka daga jikin majiyyaci aka kai ɗakin gwaji domin a duba ko sankara ce, tafarkinsa ake bi.

Mutum mai irin wannan suna zai iya zama a jami'a ya tsufa cikin daraja. Shi kuwa a 1859 ya tsaya takarar kansila a majalisar birnin Barlin, kujerar da bai sake bari ba har mutuwarsa, shekara 43. A 1861 yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Ci Gaba ta Jamus, tare da mutane irin su masanin tarihi Theodor Mommsen. A 1862 aka zaɓe shi majalisar wakilan Furushiya, can ma ya zauna shekara 40. Ya kamata a faɗi irin zaɓen da ake yi a lokacin: ana kasa masu jefa ƙuri'a gida uku gwargwadon harajin da suke biya, kowane kaso yana da nauyi ɗaya, ta yadda 'yan tsirarun attajirai ke daidai da dubban talakawa. Mata kuwa ba su da ƙuri'a ko kaɗan. Mutumin da ya nemi dimokuraɗiyya marar iyaka a 1848 ya yarda ya shiga majalisa ta wannan ƙuntatacciyar ƙofa.

Ya shiga ne daidai lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin majalisa da fada. Sarki Wilhelm na Ɗaya da ministan yaƙinsa Albrecht von Roon suna so a faɗaɗa rundunar soja, a ƙara yawan samarin da ake ɗauka duk shekara daga 40,000 zuwa 63,000, kowanne ya yi shekara uku. Majalisa ta ƙi amincewa da kuɗin. A watan Satumban 1862 sarki ya ɗauko Otto von Bismarck ya ba shi shugabancin gwamnati, shi kuwa Bismarck ya fito da wata fassara: tunda tsarin mulki bai faɗi abin da za a yi ba idan sarki da majalisa suka kasa daidaitawa, to gwamnati za ta ci gaba da karɓar haraji tana kashewa. Shekara huɗu ana mulkin Furushiya ba tare da kasafin kuɗin da majalisa ta amince da shi ba.

A nan Virchow ya sami fagensa na biyu. Yadda yake bin gawa gaɓa-gaɓa, haka ya riƙa bin kasafin kuɗi layi-layi. Ba mai daɗin baki ba ne, muryarsa ba ta da amo, jawabansa cike suke da alƙaluma, amma yana da baƙar magana mai ratsa ƙashi, kuma ya karanta takardun da sauran wakilai ba su buɗe ba. A watan Yunin 1865, yayin muhawara kan kuɗin rundunar sojan ruwa, ya nuna shakka a bainar majalisa kan ko shugaban gwamnati ya karanta rahoton kwamiti, in kuwa ya karanta, to gaskiyarsa ce ke da alamar tambaya. Bismarck ya harzuƙa ya aika masa da goron gayyatar fito-na-fito da makami, kamar yadda al'adar manyan Furushiya take a wancan zamani idan mutum ya ji an taɓa mutuncinsa. Virchow ya ƙi. Hujjar ɓangarensa ita ce, abin da wakili ya faɗa a zauren majalisa ba da harsashi ake amsa shi ba. Akwai labarin da ke yawo a intanet cewa wai ya zaɓi a fafata da tsiren alade guda biyu, ɗaya mai ɗauke da tsutsar cuta, kowa ya ɗauki ɗaya ya ci. Labari ne mai daɗin ji, amma ƙagagge ne, shekaru da dama bayan faruwar abin ya ɓullo.

Wanda ya ci wannan kokawa dai Bismarck ne. Ya yi amfani da sojojin da majalisa ta hana wa kuɗi ya doke Denmak a 1864, ya doke Ostiriya a 1866. Ranar 3 ga Yulin 1866, ranar da aka yi kazamin faɗan Königgrätz, ita ce ranar zaɓen majalisa, kuma Jam'iyyar Ci Gaba ta sha mummunan kaye. A watan Satumba Bismarck ya gabatar da ƙudurin da zai wanke gwamnati daga laifin kashe kuɗi ba izini, majalisa ta amince da ƙuri'a 230, masu adawa 75. Virchow yana cikin 75 ɗin. Jam'iyyarsa ta tsage, abokan gwagwarmayar jiya da dama suka koma bayan mai nasara. A 1869 ya kawo ƙudurin a rage kuɗin soja a nemi yarjejeniyar rage makamai tsakanin ƙasashen Turai, yana nuni da cewa kuɗin ilimi sun tsaya cak alhali na soja na hauhawa. Aka yi watsi da shi. Shekara guda bayan haka yaƙi ya ɓarke da Faransa, sai ga shi yana shirya jirgin ƙasa na asibiti domin kwaso raunanan sojoji daga fagen daga.

Bai yi zuciya ya bar majalisa ba. Ya karɓi shugabancin kwamitin da ke bin diddigin yadda gwamnati ta kashe kuɗin da aka ware mata, ya riƙe shi shekaru masu yawa. Aiki ne marar ɗaukar ido, babu tafi, babu kanun labarai. Na taɓa kwashe makonni ina bin takardun kasafin kuɗin wata jiha, ina neman inda kuɗin rijiyoyin burtsatse suka maƙale tsakanin abin da aka ware da abin da aka saki, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda 'yan majalisar da suka sa hannu a kan takardun ba su san abin da ke cikinsu ba. Tun daga lokacin nake kallon wannan sashe na rayuwar Virchow da wani ido dabam.

Nasararsa ta zahiri a majalisar birni ta zo, kuma a ƙarƙashin ƙasa take. Barlin ta wancan lokaci birni ne mai wari. Mutanenta sun ƙaru daga kimanin 400,000 a 1848 zuwa sama da 800,000 a 1871, amma ƙazanta a buɗaɗɗen lambatu take gudana a gefen titi zuwa kogin Spree, bayan gida kuma a rami ko a bokiti, a kwashe da dare. Rijiyoyin da ake sha suna tsakar gidajen da ramukan suke. Kwalara ta kashe dubban mutane a birnin a 1866, taifot kuwa ɗan gida ne. An shafe shekaru ana jayayya a kan ko a ci gaba da kwashe ƙazantar da amalanke a sayar wa manoma, ko a gina magudanan ƙarƙashin ƙasa. Masu gidajen haya, waɗanda suka cika majalisar birnin, ba sa son abin da zai taɓa aljihunsu. Virchow ya jagoranci kwamitin bincike, ya sa aka auna ruwan ƙarƙashin ƙasa, aka tattara alƙaluman mace-mace unguwa-unguwa, aka yi gwaje-gwaje, sannan ya rubuta babban rahoton da ya karya lagon masu adawa. A 1873 aka fara aikin bisa tsarin injiniya James Hobrecht: aka raba birnin shiyya-shiyya, kowace da bututunta da injin turawa, ana kai ƙazantar gonaki a bayan gari ta zama taki, maimakon a zuba ta a kogi. A wannan shekara kuma birnin ya sayi kamfanin ruwan famfo daga hannun Ingilishi da ke tafiyar da shi. Mace-macen taifot suka faɗi warwas. Da kwalara ta afka wa Hamburg a 1892, birnin da ke shan ruwan kogin Elbe ba tacewa, ta kashe mutum sama da 8,000, Barlin ta tsira da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Haka ya bi sauran al'amura. Da cutar tsutsar naman alade ta kashe mutane a garuruwan Hettstedt a 1863 da Hedersleben a 1865, ya bayyana yadda tsutsar ke shiga jikin mutum, ya dage sai an riƙa duba nama da madubin likita kafin a sayar, mahauta suna ta yi masa bore. Birnin ya buɗe babbar mayanka ta hukuma a 1881. Da hannunsa a gina asibitocin birni na Moabit da Friedrichshain da Am Urban, da makarantar horar da ma'aikatan jinya da ba ta ƙarƙashin coci.

Sai dai rayuwar nan tana da tabo, kuma tabon ba ƙarami ba ne. A watan Janairun 1873 shi ne ya raɗa wa yaƙin da Bismarck ya ƙaddamar kan cocin Katolika sunan da tarihi ya riƙe, wato gwagwarmayar wayewa, ya kuma goyi bayan dokokin da aka yi amfani da su wajen ɗaure bishof-bishof da korar limamai. Mutumin da ya ƙi yarda gwamnati ta kashe sisin kwabo ba izini, ya yarda ta shiga tsakanin mutum da addininsa, domin a wannan karon abokin gabar nasa ne ake duka. Daga cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar akwai Katolikan Polan, jinsin mutanen da ya yi wa kuka a 1848. A fagen kimiyya ma girma ya sa masa taurin kai. Bai karɓi hujjar Ignaz Semmelweis ba cewa hannun likitoci marasa wanki ne ke kashe masu jego. Ya daɗe yana ɗari-ɗari da binciken Robert Koch, wanda ya gano ƙwayar cutar tarin fuka a 1882, wataƙila domin yana tsoron idan aka ɗora laifi a kan ƙwayar cuta, masu mulki za su sami mafaka daga tambayar gidaje da abinci. Tsoron yana da tushe, amma Koch ne ke da gaskiya a kan ƙwayar. A 1872 ya duba ƙasusuwan mutumin Neanderthal ya ce na wani tsoho ne mai ciwon ƙashi. A 1887 aka kawo masa tsokar maƙogwaron yarima mai jiran gado, bai ga sankara a cikinta ba, yariman ya hau gadon sarauta a 1888 da sunan Friedrich na Uku, sankarar ta kashe shi bayan kwana 99.

Daga 1880 zuwa 1893 ya ƙara da kujera ta uku, a majalisar tarayyar Jamus, yana wakiltar wata mazaɓa a Barlin. Zamani ne da ƙyamar Yahudawa ta zama jarin siyasa, kuma a zaɓen 1881 ya kara da Adolf Stoecker, limamin fadar sarki kuma jagoran masu wannan aƙida, ya kayar da shi. A wajen wannan lokaci ne kuma ya jagoranci wani gagarumin bincike a makarantun Jamus, inda aka rubuta launin gashi da ido da fatar yara sama da miliyan 6 da dubu 700. Sakamakon da ya fitar a 1886 ya nuna cewa yawancin Jamusawa ba farin gashi da shuɗin ido gare su ba, kuma babu wani tsantsar jinsin Jamus. Amma an ƙidaya yaran Yahudawa a jeri na dabam, abin da wasu masana tarihi ke ganin ya koya wa malamai da yara kallon bambancin da shi yake ƙoƙarin rushewa. A 1883, da Bismarck ya kawo dokar inshorar lafiya ta ma'aikata, irinta ta farko a duniya, jam'iyyar Virchow tana cikin waɗanda suka ƙi, domin ba ta yarda da faɗaɗa ikon gwamnati ba. Ma'aikatan Barlin sun lura. A 1893 ɗan takarar jam'iyyar gurguzu ta Social Democrat ya ƙwace kujerar daga hannun lauyan talakawa na 1848.

Mu 'yan Afirka akwai shafin da ya shafe mu kai tsaye. Yana ɗan majalisar tarayya aka yi taron Barlin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara ƙa'idojin rabon nahiyarmu, a daidai lokacin da Jamus ta kafa tuta a Kamaru da Togo. Virchow ya soki manufar mulkin mallaka, amma babbar hujjarsa ita ce jikin Bature ba zai jure yanayin ƙasashe masu zafi ba. A ɗaya hannun kuma, ƙungiyar nazarin ɗan Adam da ya taimaka aka kafa a Barlin a 1869 ta ci moriyar mamayar sosai. Ya riƙa roƙon matafiya da jami'ai su aiko masa da ƙoƙunan kan mutane daga ko'ina a duniya, ya tara dubbai, ba tare da an nemi yardar dangin mamatan ba. Lokacin da ɗan kasuwar namun daji Carl Hagenbeck ya kawo mutanen Sudan a 1878 ya baje su a gidan namun daji na Barlin domin 'yan kallo, Virchow ya je da ma'auninsa ya auna kawunansu. Haka ya yi wa wasu 'yan ƙabilar Inuit da aka kawo daga Labrador a 1880, waɗanda su takwas ɗin duka agana ta kashe a Turai cikin 'yan watanni, domin ba a yi musu lamba ba kafin a taho da su.

A watan Oktoban 1901 masana daga ƙasashe da dama suka hallara a Barlin domin bikin cikarsa shekara 80. Bai rage aiki ba. A watan Janairun 1902, yana kan hanyar zuwa wani taron masana, ya diro daga taragon lantarki kafin ya gama tsayawa, ya faɗi ya karye a ƙugu. Bai sake murmurewa ba, ya rasu ranar 5 ga Satumban 1902, har lokacin yana riƙe da kujerarsa ta kansila da ta majalisar Furushiya. Birnin Barlin ne ya ɗauki nauyin jana'izarsa, daga zauren majalisar birni aka ɗauki gawar zuwa maƙabartar St. Matthäus da ke Schöneberg. A 1906 aka buɗe babban asibitin da ya tsara, aka sa masa sunansa. Tsarin zaɓe mai kaso uku bai faɗi ba sai a 1918, bayan Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani sashe na bututun da Hobrecht ya shimfiɗa yana aiki har yau, ƙoƙunan kan da Virchow ya tara kuma yawancinsu suna nan a ma'ajiya a Barlin.